Kaffarar Hayaƙi: Shin Ana Sayen Tsarki a Kasuwa?

A ƙarshen shekarun 1980 wani kamfanin lantarki na Amurka mai suna AES ya ƙuduri gina tashar da za ta riƙa ƙona kwal a jihar Konetikat. Shugabanninsa sun san tashar za ta shafe shekaru tana tura hayaƙi sama, sai suka nemi shawarar masana. Shawarar da aka ba su ita ce su zuba dala miliyan 2 a wani shirin ƙungiyar agaji ta CARE na dasa itatuwa miliyan 52 a ƙasar Gwatamala, domin itatuwan su shanye kwatankwacin iskar kabon da tashar za ta fitar. Daga wannan ciniki aka samu tsatson wata kasuwa da a yau kamfanonin jiragen sama da na mai da na intanet ke cinta. Tambayar da cinikin ya bari a baya kuwa ta girmi kwal da lantarki: idan mutum yana aikata abin da ke cutar da jama'a, ya biya wani ya aikata alheri a wani wuri daban, ya fita daga laifin ko yana nan cikinsa?

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kuɗin da mai gurɓata iska ke bayarwa yana iya zama abu biyu masu kama da juna a ido, masu hannun riga a ma'ana. Yana iya zama biyan bashi, yana kuma iya zama sayen izinin ci gaba da ɓarna. Na farko wajibi ne a kansa, na biyu kuwa ba hajar da wani ya mallaka ba ce, balle ya sayar.

Hajar da ake sayarwa

Haja iri biyu ce a wannan kasuwa. Ta farko ita ce takardar fansar kabon. Kowace takarda tana wakiltar tan ɗaya na iskar kabon da aka ce an hana ta fita, ko an janye ta daga sararin samaniya, ta hanyar dasa itace, ko kare daji daga sara, ko raba murhu mai tsimin makamashi. Kamfanin da ya fitar da tan dubu, idan ya sayi takarda dubu, sai ya rubuta a littafinsa cewa lissafinsa ya koma sifiri. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ce ta ba wannan tsari gindin zama a dokokin duniya, Yarjejeniyar Faris ta 2015 kuma ta sake buɗe masa ƙofa a sashenta na 6.

Ta biyu ita ce takardar shaidar makamashi mai sabuntuwa. Duk lokacin da tashar hasken rana, ko ta iska, ko madatsar ruwa ta samar da wutar megawat ɗaya na tsawon awa guda, akan ba ta takarda ɗaya. Wutar kan shiga layin gama-gari ta cakuɗa da ta kwal da ta gas, yadda rafi kan saje da kogi. Takardar kuwa ana iya sayar da ita daban. Masana'antar da ke jan wutar kwal dare da rana tana iya sayen takardun, doka ta ba ta damar cewa da makamashi mai tsafta take aiki.

Hujjar masu goyon baya

Adalci ne a fara sauraron masu kare wannan tsari, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa iska ba ta da kan iyaka. Tan ɗaya da aka hana fita a Kano daidai yake da wanda aka hana fita a Landan, tun da dukansu sama ɗaya za su tafi. In haka ne, hankali ya nuna a rage hayaƙi inda ragewar ta fi araha, domin kuɗin da zai rage tan ɗaya a Turai yana iya rage tan da yawa a wata ƙasa. Suna ƙarawa da cewa akwai sana'o'in da har yanzu ba su da mafita mai sauƙi, kamar yin siminti da ƙarfe da tashin jirgin sama mai dogon zango, kuma duniya ba za ta dakatar da su gobe ba.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce inda kuɗin ke zuwa. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, amma fari da ambaliya ba su rangwanta mata ba. Kuɗin fansa hanya ce da dukiya ke gangarowa daga masu hali zuwa marasa shi. A arewacin Nijeriya an raba murhun Save80, wanda aka ƙera don ya rage cin itace sosai, da tallafin ƙungiyar atmosfair ta Jamus, wadda ke karɓar kuɗin fansa daga masu tafiya a jirgin sama. Matar da ta samu irin wannan murhu kuɗin itacenta ya ragu, hayaƙin da take shaƙa a madafa ma ya ragu. Wa zai tsaya gabanta ya ce cinikin da ya kawo mata sauƙi mugun ciniki ne? Da babu gara ba daɗi, in ji masu iya magana.

Cinikin biri a sama

Matsala ta farko ta lissafi ce. Mai sayen buhun gero yana iya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Mai sayen takardar fansa yana sayen abin da bai faru ba: dajin da aka ce da an sare shi, hayaƙin da aka ce da ya tashi. Babu sikelin da ke auna abin da bai auku ba, sai dai ƙiyasi. Mai sayarwa yana son ƙiyasin ya yi yawa don ya samu takardu, mai saye yana son takardu masu araha, mai binciken da zai tabbatar da lissafin kuma mai aikin ne ke biyan sa. A kowane ciniki akwai wanda zai yi ƙorafi idan an tauye mudu. A wannan, wadda aka tauye wa mudun ita ce iska, ita kuwa ba ta zuwa gaban alƙali.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Wani nazari da cibiyar Öko-Institut ta Jamus ta gudanar wa Hukumar Tarayyar Turai a 2016 ya gano cewa kashi 85 cikin 100 na ayyukan da ya duba a ƙarƙashin tsarin Kyoto da wuya a ce sun rage hayaƙin da ba zai ragu ba tun asali. A watan Janairun 2023 jaridun Guardian da Die Zeit, tare da ƙungiyar 'yan jarida ta SourceMaterial, suka wallafa cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzuka masu ruwan sama da hukumar Verra ta amince da su ba su wakiltar ragin gaske. Verra ta musanta hanyar da aka bi wajen lissafin, amma darajar takardun ta faɗi a kasuwa. A 2024 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka nuna cewa an ninka amfanin ayyukan murhu da suka nazarta wajen sau tara a takarda. Murhun yana da amfani ga mai girki, sai dai ba a yawan da aka sayar wa mai jirgi ba.

Takardun makamashi ma ba su tsira ba. Kusan dukan wutar ƙasar Norwe daga ruwa take fitowa, kuma yawancin madatsunta sun daɗe da ginuwa. Masu su suna sayar da takardun shaida ga kamfanonin sauran ƙasashen Turai. Mutumin Norwe yana ganin wutarsa tsarkakakkiya ce don ya san inda ta fito, mai masana'anta a wata ƙasa shi ma yana cewa tasa tsarkakakkiya ce don yana riƙe da takarda, alhali ba a ƙara ko injin ɗaya ba. Wani nazari da aka buga a 2022 ya duba kamfanoni 115 da suka ba da rahoton rage hayaƙin wutar da suke saye da kusan kashi 31 cikin 100 tsakanin 2015 da 2019. Da aka cire takardun daga lissafi, ragin ya dawo kusan kashi 10.

Akwai wani karkataccen abu a cikin ƙa'idar kanta. Tun da ba a biya sai kan abin da ba zai faru ba in babu kuɗin, kasuwar tana saka wa mai barazana, tana mantawa da mai kirki. An ga haka a wasu masana'antun Sin da Indiya masu haɗa sinadarin sanyaya firiji, waɗanda ke samun takardu don lalata wata muguwar iska mai suna HFC-23 da ke fita yayin aikinsu. Ribar lalata ta ta yi yawa har aka zarge su da ƙara aiki don su samu abin lalatawa, Tarayyar Turai ta daina karɓar irin takardun a 2013. A gefe guda kuma, tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suke raya tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Sun yi ne don gonarsu da dabbobinsu, ba da jiran dalar kowa ba. A mizanin kasuwar, alherin da aka riga aka yi don kai ba shi da farashi.

Bashin shekara dubu, jinginar shekara talatin

Matsala ta biyu ta lokaci ce. Kwal da man fetur sun yi miliyoyin shekaru a binne. Da zarar an ƙona su, wani kaso na iskar da suka saki yakan daɗe a sama har dubban shekaru. Itace kuwa ajiya ce ta ɗan lokaci: yana bushewa, gara na cin sa, gobara na lashe shi. Yarjejeniyoyin kare daji sukan tsaya ne tsakanin shekara 30 zuwa 100. A 2021 gobarar da aka yi wa laƙabi da Bootleg a jihar Oregon ta Amurka ta cinye wani ɓangare na dajin da aka riga aka sayar da takardun fansarsa. Hayaƙin da aka fanshe yana sama, dajin da aka fanshe shi da shi ya bi shi. Masu tsarin suna ware wasu takardu a matsayin inshora don irin wannan rana, amma ɗumamar da ake ƙoƙarin magancewa ita ce ke ƙara yawan gobarar. Wanda ya ci bashin da jikokin jikokinsa za su tarar, ya ba da jinginar abin da ba zai kai shekara ɗari ba, bai biya ba tukuna.

Ko da lissafin ya yi daidai

Mu ɗauka an gyara duk wannan, kowace takarda ta zama tan ɗaya na gaskiya. Shin tambayar ta ƙare? A nan ne batun ya bar hannun akanta ya koma na masu nazarin ɗabi'a.

Masanin falsafar nan na Jami'ar Havad, Michael Sandel, ya daɗe yana bambanta tara da farashi. Tara tana ɗauke da hukuncin cewa abin da aka yi ba daidai ba ne. Farashi ba ya ɗauke da hukunci, ciniki ne kawai. Wani gwaji da aka yi a gidajen renon yara na birnin Haifa, aka wallafa a 2000, ya fito da wannan fili. Iyaye suna makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai aka sanya musu ɗan kuɗi a kan kowace makara. Maimakon ta ragu, makarar ta kusa ninkawa. A da kunyar malamar da aka tsare ce ke sa su gaggawa. Da kuɗi ya shigo, sai suka ga sun sayi lokacinta. Bayan an janye kuɗin ma, makarar ba ta koma yadda take ba. Kunyar da aka sayar ba ta dawowa da sauƙi.

Tarihi ya taɓa ganin irin wannan. A Turai ta ƙarni na 16 ana sayar da takardun sassaucin azabar zunubi, ana tara kuɗin gina babbar majami'ar Waliyi Bitrus a Roma. Abin da ya harzuƙa Martin Luther a 1517 shi ne ganin mutane sun ɗauki takarda a madadin tuba. Majami'ar ta ginu, tana nan har yau, kyanta kuma bai amsa ƙorafinsa ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tunanin biyan dukiya a kan laifi, domin ya san kaffara, ya san diyya. Sai dai kowaccensu tana da sharaɗin da kasuwar fansa ta tsallake. Wanda ya karya azumin Ramadan da gangan yana iya ciyar da miskinai 60, amma babu malamin da zai yarda attajiri ya ciyar da su tun cikin Sha'aban don ya samu damar cin abinci da rana. Kaffara tana biyo bayan laifin da aka yi nadamarsa, tana tafiya da niyyar barinsa. Diyya kuma wanda aka cuta ake ba, ko magadansa. Ba a taɓa jin wanda ya jikkata mutum ya tafi wani gari ya gina rijiya, ya dawo ya ce sun yi jari ba. Rijiyar alheri ce, haƙƙin wanda aka jikkata kuwa yana nan a wuyansa.

Idan aka auna fansar kabon da wannan mizani, za a ga giɓi biyu. Sau da yawa ana sayen ta ne tun kafin a aikata, tare da shirin ƙara aikatawa baɗi. Kuma wanda ke karɓar kuɗin ba lalle ne ya zama wanda ambaliya ta share wa gona ba.

Wa ke ɗaukar kayan?

Wani lokaci ma talakan da aka ce za a taimaka shi ke biyan farashin. Dajin da za a sayar da iskarsa dole a tsare shi, tsarewa kuwa tana nufin hana wani shiga. A 2011 ƙungiyar Oxfam ta ba da rahoton cewa an tashi mutane fiye da 20,000 a gundumomin Mubende da Kiboga na Yuganda don ba wa gandun itatuwan wani kamfanin Birtaniya wuri, gandun da ake sa ran zai samar da takardun kabon. Kamfanin ya ce ba shi ya kore su ba. A 2023 wani daftarin yarjejeniya ya fito fili wanda zai ba wani kamfanin Dubai ikon kabon a kan kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar Laberiya na tsawon shekara 30. A irin waɗannan wurare, an nemi manomin da bai taɓa hawa jirgi ba ya sauya rayuwarsa domin mai hawa jirgi kowane wata kada ya sauya tasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 aka ƙaddamar da wani shiri na bunƙasa kasuwannin kabon a Afirka, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka nuna sha'awa. Filayen da za a shata za su kasance gonakin wasu, burtalin wasu, dajin da wasu ke samun itace da magani. Kafin a sa hannu, ya kamata a san abin da ake sayarwa da kuma wanda ya mallake shi.

Mene ne daidai?

Mai suka zai ce tsabtar zuciya ba ta sanyaya duniya. Idan aka kunyata kamfanoni har suka daina saye, murhun ba zai iso ba, mai gadin daji ba zai samu albashi ba, hayaƙin kuma ba zai ragu ba. Wannan magana gaskiya ce, shi ya sa mafita ba ta cikin rufe aljihu. Tana cikin jeranta al'amura yadda suka dace da kiran kowane abu da sunansa.

Da farko, ragewa ce ke gaba. Kamfani ya fara da abin da ke hannunsa: injinsa, motocinsa, wutar da yake saye. Idan makamashi mai sabuntuwa yake so, ya ƙulla yarjejeniyar sayen wuta ta shekaru masu yawa wadda za ta sa a gina sabuwar tasha, domin wannan yana ƙara wa duniya abin da babu, saɓanin sayen takardar tsohuwar madatsa. Abin da ya gagara ragewa bayan an yi iyakar ƙoƙari, shi ne ake maganar biya a kansa.

Na biyu, a biya da sunan bashi, kada a karɓi shaidar tsarki a madadinsa. Kamfanin da ya ce, mun fitar da tan kaza, mun rage kaza, mun kuma ba da kuɗi kaza don kare daji, ya faɗi gaskiya kuma ya yi alheri. Wanda ya ce jirginmu ba ya cutar da yanayi ya sanya wa fasinjansa barci. A watan Maris na 2024 wata kotu a Amstadam ta yanke hukuncin cewa da yawa daga tallace-tallacen kamfanin jiragen KLM, har da waɗanda suka shafi fansar kabon, suna yaudarar jama'a. Cikin abubuwan da kotun ta kama shi da su akwai iƙirarin da ya ɗora a kan dashen itacen.

Na uku, masu ƙasa su zama masu magana. Yardarsu ta zo kafin shata iyaka, su san nawa aka sayar, nawa ya iso gare su, su kuma iya cewa a'a. Wani kaso na abin da masu gurɓatawa ke bayarwa ya kamata ya tafi ga waɗanda ɓarnar ta riga ta shafa, wanda shi ne tunanin da ya haifar da asusun asara da lalacewa da ƙasashen duniya suka amince da kafawa a 2022. Wannan ne ya fi kusa da ma'anar diyya.

Kammalawa

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon a sararin samaniya tana wajen kashi 280 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Wannan adadi ba ya karanta rahoton shekara na kowane kamfani, abin da ya tashi sama kawai yake ƙirgawa. Mai dukiya yana iya sayen aikin wani, da lokacin wani, har da dajin wani. Barin ɓarna kuwa aiki ne da ba a wakilta shi, kamar yadda ba a hayar mai tuba. Wanda ya rage abin da zai iya, ya biya sauran da kansa a sunkuye, ya faɗi gaskiyar abin da ya rage a kansa, ya kama hanyar sauke nauyi. Wanda ya sayi takarda don ya ci gaba da ƙara wa murhunsa kwal ya ɗauki kayansa ne ya ɗora wa manomin Gwatamala da makiyayin Sahel da yaran da ba a haifa ba tukuna, su kuwa babu wanda ya nemi yardarsu.